Bayani kan gadon juriyar cuta da bitamin B12 a jikin kaji

Tun daga shekarun 1930 masana harkar kiwo ke neman hanyar samar da kajin da cutar sankarar jini ba za ta iya kama su ba.

A shekarar 2021 wasu masu bincike a birnin Prague na Jamhuriyar Cek suka ba da rahoton cewa sun samar da kajin da nau'i biyu na ƙwayar wannan cuta ba sa iya shiga jikinsu sam-sam.

Sai dai da aka auna jinin kajin, an tarar da alamun cewa jikinsu ba ya sarrafa bitamin B12 yadda ya kamata.

Dalili kuwa shi ne, mashigar da ƙwayar cutar ke bi ta kutsa cikin jikin kaza ita ce dai mashigar da wannan bitamin ke bi. Da aka toshe ta saboda cuta, sai toshiyar ta shafi abinci mai amfani.

Wannan lamari ya zama darasi ga masu neman gyara halittar dabbobin gida domin su jure wa cututtuka, kuma fahimtarsa na buƙatar sanin cutar kanta, da bitamin ɗin, da yadda hanyoyinsu suka haɗu.

Wace cuta ce wannan?

Likitocin dabbobi suna kiran ta lukosis, wato sankarar jinin tsuntsaye. Ƙwayar cuta nau'in bairas ce ke haddasa ta, kuma a taƙaice ana kiran wannan bairas ALV.

Bairas ɗin yana cikin dangin da ake kira retrobairas, dangin da ƙwayar cutar HIV ta fito daga cikinsa. Halin 'yan wannan dangi shi ne, idan suka shiga ƙwayar halittar jiki, sai su cusa bayanan gadonsu cikin nata bayanan gadon, su zauna a nan muddin ƙwayar tana raye.

Idan bayanan bairas ɗin suka faɗa kusa da wurin da ke kula da girma da rabuwar ƙwayar halitta, sai ta shiga hayayyafa babu ƙaƙƙautawa. Daga nan ƙari yake fitowa.

Nau'in cutar da aka fi sani yana farawa ne a wata 'yar jaka da ke saman duburar kaza, wadda a cikinta wasu ƙwayoyin garkuwar jiki ke ƙosawa. Ita ce jakar da cutar Gumboro ke lalatawa. Daga can sankarar take bazuwa zuwa hanta da saifa da ƙoda.

Ba kasafai ake ganin alamunta ba kafin kaza ta kai kimanin mako 16 da ƙyanƙyasa. Kazar takan rame, tukkunta ya koɗe ya yanƙwane, cikinta ya kumbura. Idan aka feɗe ta, akan tarar hanta ta yi girman da ya wuce misali, shi ya sa a wasu ƙasashe masu kiwo ke kiran ta cutar babbar hanta.

Yadda take yaɗuwa

Hanya mafi haɗari ita ce daga uwa zuwa ɗan tsako. Kazar da ke ɗauke da bairas ɗin tana zuba shi cikin farin ƙwai, ɗan tsakon kuma ya kamu tun bai fito ba.

Tsakon da ya kamu ta wannan hanya, garkuwar jikinsa ba ta ɗaukar bairas ɗin a matsayin baƙo, don haka ba ta yaƙarsa. Zai rayu yana zubar da shi a kashi da yawu, yana harbin sauran 'yan tsaki, kuma shi ya fi kowa yiwuwar mutuwa da sankarar daga baya.

Kajin da ke mutuwa da ƙari a garke yawanci kaɗan ne. Babbar asarar ɓoyayyiya ce: kaji su jinkirta fara ƙwai, ƙwan ya ragu, ya ƙanƙance, ƙyanƙyasa ta yi ƙasa, kajin nama kuma su kasa yin nauyin da ake so.

Cutar ba ta da magani, kuma babu allurar rigakafinta a kasuwa. Manyan kamfanonin da ke samar da irin kaji suna kawar da ita ne ta hanyar gwada ƙwai da jinin iyaye da kakanni, su fitar da duk kazar da aka samu da bairas ɗin. Aiki ne mai cin kuɗi da lokaci, kuma dole a riƙa maimaita shi.

Babu shaidar da ta nuna wannan bairas yana kama mutum. An taɓa gano shi a cikin allurar rigakafin shawara da aka riƙa haɗawa da ƙwan kaji a zamanin Yaƙin Duniya na Biyu, amma binciken da aka wallafa a 1972 kan tsofaffin sojojin Amurka bai samu wata alaƙa tsakanin allurar da mutuwa da ciwon daji ba.

Matsayinta a tarihin kimiyya

A shekarar 1908 wasu masana biyu a ƙasar Danmak, Vilhelm Ellermann da Oluf Bang, suka nuna cewa ana iya ɗaukar sankarar jini daga wata kaza a sa wa wata ta hanyar ruwan da aka tace, wanda babu ƙwayar halitta ko ɗaya a cikinsa.

A 1911 kuma Peyton Rous, a Cibiyar Rockefeller da ke Amurka, ya nuna haka game da wani ƙari da ya samu a ƙirjin wata kaza. A lokacin masana da yawa ba su yarda cewa bairas na iya haddasa ciwon daji ba. Sai a 1966 aka ba Rous lambar yabo ta Nobel, shekara 55 bayan aikin nasa.

Da irin wannan bairas na kaji Howard Temin ya yi aikin da ya kai ga gano yadda retrobairas ke kwafe bayanansa cikin na jiki a 1970. Da shi kuma Michael Bishop da Harold Varmus suka gano cewa ƙwayoyin gadon da ke haddasa ciwon daji asalinsu na jiki ne, aikin da ya sa aka ba su lambar Nobel a 1989.

A da ana haɗa wannan cuta da cutar Marek a ɗauke su abu ɗaya, domin dukansu suna fitar da ƙari. A 1967 aka gano cewa bairas ɗin Marek daban yake, kuma wajejen 1970 aka samar masa da rigakafi. Ita kuwa lukosis ta ci gaba da zama babu rigakafi, abin da ya sa hankalin masana ya koma kan gado.

Mashigar bairas

Bairas ba ya iya fasa bangon ƙwayar halitta da ƙarfi. Sai ya samu wani furotin a bayan bangon da ya dace da nasa furotin, kamar yadda mabuɗi ke dacewa da kwaɗo. Idan suka haɗu, sai bangon ya buɗe masa.

An raba bairas ɗin ALV da ke kama kaji gida bakwai, an ba su haruffa: A da B da C da D da E da J da K. Abin da ya bambanta su shi ne mashigar da kowane ke bi.

Nau'in A da K suna bi ta wani furotin mai suna Tva. Nau'in B da D da E suna bi ta Tvb, nau'in C kuma ta Tvc. Nau'in J yana bi ta wani furotin da ake kira NHE1.

Nau'in A shi ne ya daɗe yana addabar kajin ƙwai a duniya. Nau'in J an fara gano shi ne a Ingila a 1988 a jikin kajin nama, ya haddasa babbar asara a ƙasashe da dama a shekarun 1990, daga baya ya yi katutu a ƙasar Sin. Nau'in K kuma an gano shi ne a cikin kajin gargajiya na ƙasar Sin wajejen 2012.

Ko wane ɗaya daga cikin waɗannan furotin akwai ƙwayar gado da ke ɗauke da umarnin ƙera shi. Idan ƙwayar gadon ta sauya, siffar mashigar ta sauya, mabuɗin bairas ba zai ƙara shiga ba. Wannan shi ne tushen juriyar da ake gada.

Kajin da suka gaji juriya

Tun kafin a san komai game da waɗannan mashigai, masu kiwo sun lura cewa wasu zuri'o'in kaji ba sa kamuwa kamar sauran.

A Jami'ar Cornell ta Amurka, F. B. Hutt da R. K. Cole sun shafe shekaru suna zaɓen iri, har suka ware kaji masu juriya da marasa juriya. Gwamnatin Amurka ma ta buɗe wata cibiya a garin East Lansing na jihar Michigan a 1939 musamman saboda waɗannan cututtuka masu fitar da ƙari, inda aka raya zuri'o'in kajin da har yau ake bincike da su.

A 1993 Paul Bates da John Young da Harold Varmus suka gano ƙwayar gadon Tva kanta. A 2004 kuma aka bayyana dalilin juriyar wasu zuri'o'i biyu na kajin bincike. A ɗaya, tubali guda ne ya sauya a cikin furotin ɗin, bairas ya kasa kama shi sosai. A ɗayar kuma wasu haruffa huɗu ne suka ƙaru a rubutun gadon, suka dagula umarnin baki ɗaya, furotin ɗin ya daina samuwa.

Wannan juriya ba ta bayyana sai kaza ta gaje ta daga uwa da uba duka. Wadda ta gada daga gefe ɗaya kawai tana da sauran mashiga a buɗe, kuma bairas zai kama ta kamar kowace kaza.

Amma kusan shekara 30 bayan gano Tva, babu wanda ya tabbatar da ainihin aikin da yake yi wa jikin kaza. An dai san jiki ba zai ajiye furotin don amfanin bairas kawai ba.

Aikin bitamin B12

Bitamin B12 ya bambanta da sauran bitamin ta fuskoki da dama. A tsakiyarsa akwai ƙarfen kobal, shi ya sa ake kuma kiransa kobalamin. Tsirrai ba sa ƙera shi, dabbobi ma haka. Wasu ƙananan halittu irin su bakteriya ne kaɗai ke yin sa.

Tarihinsa ma yana da alaƙa da kaji. A shekarun 1940 masana abincin dabbobi sun lura cewa 'yan tsakin da ake ciyarwa da hatsi da wake zalla ba sa girma yadda ya kamata, amma idan aka ƙara musu garin kifi, ko hanta, ko ma busasshen kashin shanu, sai su murmure. Da aka tace bitamin B12 daga hanta a 1948, a Amurka da Ingila kusan lokaci ɗaya, sai aka gane cewa shi ne babban abin da ke cikin waɗannan abubuwa.

Abin da kaza ke buƙata kaɗan ne ƙwarai. Ga ƙananan kajin nama, ma'aunin da Majalisar Bincike ta Amurka ta fitar a 1994 shi ne kashi 1 cikin 100 na miligiram ɗaya a kowane kilo na abinci.

Duk da ƙanƙantar wannan adadi, ayyuka biyu a jiki sun dogara da shi. Na farko ya shafi ƙera sababbin ƙwayoyin halitta da kiyaye lafiyar jijiyoyi. Na biyu ya shafi narkar da ragowar wasu nau'o'in furotin da kitse domin samun ƙarfi.

Idan aiki na biyu ya tsaya, wani sinadari mai suna metilmalonik asid yana taruwa a jini. Likitocin mutane da na dabbobi suna auna shi domin gane ko bitamin ɗin yana isa cikin ƙwayoyin halitta.

A jikin kaji, rashin B12 yana kawo jinkirin girma da rashin kyan gashi. Ya fi muni ga kajin da ake ɗibar ƙwansu don ƙyanƙyasa, domin ɗan tsakon yakan mutu a cikin ƙwai a kwanakin ƙarshe kafin cikar kwana 21.

Inda hanyoyin biyu suka haɗu

Bitamin B12 ba ya tafiya shi kaɗai a jiki. Daga ciki wani furotin ne ke riƙe shi ya kai shi ƙarshen ƙaramin hanji, inda ake tsotse shi. Da ya shiga jini, sai wani furotin mai suna taranskobalamin ya ɗauke shi ya zagaya da shi.

Mataki na ƙarshe shi ne shiga cikin ƙwayar halitta, kuma a nan ma sai da mashiga. A 2009 masana a Amurka suka gano wannan mashiga a jikin mutum, wani furotin da ake kira CD320.

Masu bincike a Cibiyar Nazarin Gadon Halitta ta Majalisar Kimiyyar Jamhuriyar Cek sun lura cewa ƙwayar gadon CD320 ta mutum da ta Tva ta kaza tushensu ɗaya ne. Suka haɗa kai da wasu masana na ƙasar Danmak suka gwada zaton da suke yi, suka wallafa sakamakon a 2021.

Sun yi wa bitamin ɗin alama yadda za a iya bin sawunsa, suka zuba shi kan ƙwayoyin halittar kaza da ake rayawa a ɗakin gwaji. Ƙwayoyin da ke da Tva sun shigar da bitamin ɗin. Waɗanda aka cire musu Tva abin da suka shigar ya ragu sosai.

Haka kuma sun ga cewa ƙwayoyin da bairas mai bi ta Tva ya riga ya kama, shigar bitamin cikinsu ta ragu, alhali waɗanda wani nau'in bairas ya kama ba su nuna haka ba. Da aka cika ruwan gwajin da bitamin ɗin da furotin mai ɗauke da shi, kamuwa da bairas ɗin ta yi sauƙi, alamar cewa su biyun suna rige-rigen mashiga ɗaya ne.

Wannan sakamako na ɗakin gwaji ne, kuma ba ya nufin cewa yawaita bitamin a abinci ko ruwan sha zai kare kaji daga cutar.

Kajin da aka toshe wa mashiga

A wannan shekarar ce kuma ayarin masanan, ƙarƙashin jagorancin Jiří Hejnar, suka ba da rahoton gwajin da suka yi da kaji masu rai.

Sun yi amfani da fasahar CRISPR, wadda ke aiki kamar almakashi mai yanke rubutun gado a daidai wurin da aka nufa. Sun ɗebi ƙwayoyin da ke zama tushen maniyyi daga jikin 'yan tsakin da ke cikin ƙwai, suka lalata ƙwayar gadon Tva a cikinsu, sannan suka dasa su a marainan zakarun da aka riga aka hana su yin nasu maniyyin.

Zakarun suka fara samar da maniyyi mai ɗauke da gyaran. Da aka yi ta haɗa zuri'arsu, sai aka samu kajin da suka gaji gyaran daga gefe biyu.

Da aka sa wa waɗannan kaji bairas nau'in A da na K, bai kama su ba. 'Yan uwansu da suka gaji gyaran daga gefe ɗaya, da waɗanda ba su gada ba sam, duk sun kamu.

To amma jinin kajin masu juriyar ya nuna ƙaruwar metilmalonik asid, shaidar cewa bitamin B12 ba ya isa inda ake buƙatarsa yadda ya kamata.

Sakamakon ya yi daidai da abin da aka gani a wasu halittu. Ɓerayen gwaji da aka cire wa CD320 suna rayuwa, amma bitamin ɗin yana ƙaranci sosai a ƙwaƙwalwarsu. An kuma samu jariran mutane da ke da sauyi a wannan ƙwayar gado, aka gano su ta hanyar yawan wannan asid a jininsu.

Kasancewar kaji da ɓeraye suna rayuwa babu wannan mashiga ya nuna cewa jiki yana da wasu ƙananan hanyoyin shigar da bitamin ɗin. Sai dai ga mai kiwo, rayuwar kaza kaɗai ba ta isa ba. Abin dubawa shi ne yawan ƙwai, da nauyi, da adadin ƙwan da ke ƙyanƙyashewa, waɗanda su ne kuma wuraren da rashin B12 ya fi yi wa illa.

Gyara maimakon rushewa

Wannan ayari na masana ya bi wata hanya dabam game da nau'in J, a aikin da suka wallafa a 2020.

Furotin NHE1, wanda nau'in J ke bi ta cikinsa, aikinsa shi ne daidaita tsami da gishiri a cikin ƙwayar halitta, kuma jiki ba ya wadatuwa da rashinsa. Don haka lalata shi gaba ɗaya ba mafita ba ce.

An daɗe da sanin cewa nau'in J yana kama kaji da talotalo, amma ba ya kama zabi da agwagi. Da aka kwatanta furotin ɗin a tsuntsaye daban-daban, aka ga cewa tubali ɗaya, na 38 a jere, shi ne bairas ke kamawa, kuma da yawa daga tsuntsayen da ba sa kamuwa ba su da shi a wannan wuri.

Sai masanan suka cire wannan tubali ɗaya tak daga na kaza, suka bar sauran. Kajin da aka samu sun jure wa nau'in J, kuma ba a ga wata illa a jikinsu ba. Wani ayari a Jami'ar Fasaha ta Munich a Jamus ya samu irin wannan sakamako.

Amma bairas ma yana sauyawa. Wani binciken masanan Prague da aka wallafa a 2024 ya nuna cewa nau'in J na iya sauya furotin ɗin bayansa har ya koyi shiga ta mashigar da aka gyara.

An ga makamancin haka a gwajin murar tsuntsaye da Cibiyar Roslin ta Jami'ar Edinburgh da abokan aikinta a Birtaniya suka wallafa a 2023. Sun gyara wani furotin mai suna ANP32A da bairas ɗin murar ke dogara da shi. A cikin kaji 10 da aka sa wa bairas daidai gwargwado, 9 ba su kamu ba. Da aka ninka yawan bairas ɗin sau 1,000, rabin kajin suka kamu, kuma aka tarar bairas ɗin ya sauya yadda zai iya amfani da wasu furotin 'yan uwan wanda aka gyara.

Ke nan masu gyaran gado suna tsakanin abu biyu. Idan suka rushe mashigar baki ɗaya, jiki ya rasa amfaninta. Idan suka taɓa ta kaɗan, bairas na iya samun hanyar ratsewa.

Misalai daga wasu wurare

Ba kaji ne kaɗai ke da bairas mai bin hanyar bitamin ba. Wani nau'in bairas da ke haddasa sankarar jini ga kyanwa yana shiga ne ta furotin ɗin da ke shigar da bitamin B1 cikin ƙwayar halitta.

A jikin kaji kuma an san wata matsalar gado da ta shafi bitamin B2. A shekarun 1950 aka gano wata zuri'ar kajin Leghorn a Amurka da ba sa iya ƙera furotin ɗin da ke kai wannan bitamin cikin ƙwai. Kajin suna nan lafiya a ido, amma 'yan tsakinsu suna mutuwa a cikin ƙwai wajejen kwana na 13. Idan aka yi wa ƙwan allurar bitamin ɗin, sai su ƙyanƙyashe. Wannan ya nuna cewa illar irin wannan gado na iya ɓuya a jikin uwa ta bayyana ga 'ya'ya.

A tsakanin mutane, misalin da aka fi sani a Afirka ta Yamma shi ne na sikila. Wanda ya gaji ƙwayar daga gefe ɗaya yana samun kariya daga zazzaɓin cizon sauro mai tsanani, wanda ya gada daga gefe biyu kuma yana fama da ciwon. Bambancin shi ne, a wajen kaji gadon gefe ɗaya ba ya ba da kariya, don haka juriyar da matsalar bitamin ɗin suna zuwa ne tare.

Abin da ya shafi masu kiwo

Duk waɗannan kaji da aka gyara wa gado na bincike ne, ba a kai ga sayar da su ga manoma ba. Kafin hakan sai an gwada su zuri'a bayan zuri'a, sannan hukumomi sun amince. A Ingila an kafa dokar da ta shafi irin wannan gyara a 2023. A Najeriya kuwa, hukumar kula da amincin fasahar halittu da aka kafa a 2015 ce ke da alhakin ba da izini.

A halin da ake ciki, kariya daga lukosis tana hannun masu samar da iri da masu ƙyanƙyasa, tun da ta cikin ƙwai cutar ta fi yaɗuwa. Likitocin dabbobi suna ba da shawarar sayen 'yan tsaki daga wurin da ake gwada iyayensu, da guje wa haɗa kaji masu shekaru daban-daban ko na wurare daban-daban a ɗaki ɗaya. Bairas ɗin ba ya daɗewa a waje da jiki, kuma magungunan tsabtace ɗaki na yau da kullum suna kashe shi.

Kazar da aka feɗe aka ga hantarta ta kumbura da ƙari, gani da ido ba ya isa a tantance ko lukosis ce ko Marek. Sai an kai ɗakin gwaji, kuma bambancin yana da muhimmanci, domin Marek tana da rigakafi da ake yi wa tsako ranar da ya fito.

Ta fuskar bitamin kuma, masara da dawa da waken suya da ƙuli-ƙuli ba su da B12. Kajin gida da ke yawo suna samun nasu daga ƙwari da tsutsotsi da tonon juji. Kajin da aka killace kuwa sun dogara ne da garin kifi da haɗin bitamin da ake zubawa cikin abinci, don haka mai haɗa abinci da kansa da ya rage wannan haɗi domin sauƙin kuɗi zai ga sakamakon a girman kaji da ƙyanƙyasar ƙwai.

Su kuwa masana, abin da ke gabansu game da Tva shi ne gano ainihin wuraren da bairas ke kamawa a jikin furotin ɗin da wuraren da bitamin ke kamawa. Idan suka samu wurin da za a sauya ya hana bairas ba tare da ya taɓa hanyar bitamin ba, to za a iya yi wa nau'in A da K irin gyaran da aka yi wa nau'in J, sannan a sa ido a ga yadda bairas ɗin zai mayar da martani.